Darasin Gaggawa Daga Bakin Kanal

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwanta ta kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, rani ya daina zama lokacin hutu a wannan yanki. Shinkafa da alkama da tumatir da albasa da masara ke bin juna a gona ɗaya har shekara ta zagayo. Wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Gafan lokacin ɗiban tumatir ba sai an ba shi labarin arzikin da ruwan ya kawo ba. Mu da ke karɓar marasa lafiya a asibitocin yankin kuwa, ɗaya gefen muke gani. Inda ruwa ba ya ƙafewa, sauro ba ya ɗaukewa. Gonar da ake nomawa sau biyu ko uku a shekara, feshinta ma haka yake ninkuwa. Tarin shinkafa na kiran ɓera, ɓera na kiran maciji. Ga kuma babban titin Kano zuwa Zariya ya ratsa ta tsakiya, da irin abin da yake kawo mana cikin dare.

A nan nake aikin likita, kuma nan ake turo mini masu koyo: ɗaliban kiwon lafiya matakin farko, da ɗaliban jinya, da sababbin likitoci masu bautar ƙasa. Yawancinsu da karatu suke zuwa, karatu mai kyau ma. Ka ce wa ɗalibi ya kawo alamomin sanƙarau, zai zubo maka su ba gargada. Matsalar ita ce littafi da sunan ciwo yake farawa, sannan ya jero alamomi. Marar lafiya kuwa ba ya zuwa da suna. An goyo shi a babur, mutum ɗaya na riƙe da shi ta baya, 'yan'uwa biyar na magana lokaci guda, kai kuma mintina kaɗan gare ka. Komawa daga alama zuwa suna, cikin wannan hayaniya, shi ne aikin ɗakin emajansi. Hanyar da na ga tana koyar da shi ita ce labarin marar lafiya na gaske, a ba ɗalibi shi guntu-guntu, yadda ya zo wa wanda ya karɓe shi.

Ga yadda nake yi. Bayan mun gama zagayen safe sai mu zauna, in ce: "Saurayi ne, manomi, an kawo shi da azahar cikin watan Fabrairu. Ya faɗi a gonar tumatir. Yana amai, yana gudawa, numfashinsa na kurnu, bai san inda kansa yake ba sosai. Me za ku yi?"

Kusan kullum wani zai yi wuf ya ce kwalara ce, a sa ruwa. Wata ta ce asma. Wani ya ce farfaɗiya, tunda faɗuwa ya yi, ga kumfa a baki. Ba na cewa kowa ya yi kuskure. Tambaya nake mayar musu: "Na ji sunayen. Amma kafin suna, me zai kashe shi cikin minti biyar?" A nan ɗakin ke yin tsit. Sai wani ya tuna: hanyar numfashi. A kwantar da shi ta gefe, a zuƙe abin da ya cika masa baki, a ba shi iskar oksijin in akwai. Wannan jeri, hanyar iska, sai numfashi, sai gudanar jini, sai hayyaci, sai a buɗe jiki a duba ko'ina, shi ne ginshiƙin kwas ɗin agajin gaggawa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da ƙungiyar Red Cross a 2018, kuma shi ma da labaran marasa lafiya ake koyar da shi. Ceto yana gaba da sanin suna.

Sannan in ƙara musu guntu. "Kin ɗora hannu a kansa, Malama. Me kike so ki sani?" In ta ce fata, sai in ce jiƙe take sharkaf da gumi. In ta ce baki, yawu na dalala. In ta ce ƙirji, ruwa ne ke ƙara ko'ina, dama da hagu. Bugun zuciya ya yi ƙasa. Abin da ba ta tambaya ba, ba na faɗa, domin marar lafiya ma ba zai faɗa mata ba. Wani lokaci sai an daɗe kafin wani ya ce, "Yallaɓai, idonsa fa?" Ɗigon tsakiyar baƙin idon ya tsuke, da kyar ake ganinsa. Tsokar cinya da ta fatar ido na motsi su kaɗai.

Yanzu sai su sake duba amsoshinsu na farko. Mai kwalara bushewa yake yi: ido ya zurma, baki ya ƙafe, fitsari ya ɗauke. Wannan kuwa ko'ina ruwa yake fitarwa, hawaye, yawu, gumi, majina. Mai asma zuciyarsa gudu take yi, idonsa ba ya tsukewa. Wanda ya haɗa waɗannan da watan Fabrairu da gonar tumatir zai juya ga ɗan'uwan da ya kawo shi ya ce, "Me yake yi lokacin da ya faɗi?" Feshi yake yi tun safe, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, tankin na ɗiga a bayansa, rigar ta jiƙe, shi kuma ya ci gaba don ya gama kadadar kafin rana ta yi.

Irin wannan guba, dangin maganin da ke cikin Sniper da fiya-fiya da wasu magungunan kashe tsutsa, tana hana jiki share wani sinadari da jijiyoyi ke aika saƙo da shi. Sai saƙon ya yi ta maimaituwa, duk wata kafa mai fitar da ruwa a jiki ta buɗe, mutum ya nutse a cikin ruwan huhunsa. Maganinta allurar atrofin ce, mai araha, amma ba a yi mata rowa. Ana farawa da miligiram ɗaya zuwa uku ga babba, in bayan minti biyar ƙirji bai washe ba a ninka, a sake ninkawa, har ƙirjin ya bushe, bugun zuciya ya haura 80 a minti. Mutum ɗaya kan sha kwalabe gommai. Ɗalibin da ya karanta wannan a takarda hannunsa rawa yake yi in ya kai kwalba ta biyar, gani yake ya wuce gona da iri. Wanda muka taka labarin tare da shi, minti bayan minti, ya san ƙirji zai saurara, shi ne zai gaya masa ya isa. Ya kuma san a tuɓe wa mutumin rigar, a wanke shi da ruwa da sabulu, shi ma mai wankin ya sa safar hannu.

Ba na rufe wannan darasi sai na juya shi. Ina cewa: "To, a ce kwalbar da aka kawo ta maganin ciyawa ce, farakwat, irin wanda manoma suka sani da Gramoxone." Nan komai ya sauya. Wanda ya sha shi yana iya zaunawa ya yi ta hira da kai a ranar farko, bakinsa ne kawai ke ɗaɗewa. Bayan kwanaki ƙoda ta tsaya, huhu ya ƙandare. Atrofin ba ta da amfani a nan, iskar oksijin ma tana ƙara ɓarnar huhun, ba a ba shi sai dole. Marasa lafiya biyu, duka an ce "maganin feshi ne", hanyoyinsu sun raba tun daga ƙofa. Shi ya sa nake roƙon duk mai karanta wannan: in za ku kawo mutum, ku taho da kwalbar, ko da wofi ce, ko ku ɗauki hotonta a waya. Kuma don Allah a bar ɗura wa wanda bai cikin hayyacinsa manja ko nono. Huhu suke gangarawa, su ƙara mana ciwo na biyu a kan na farko.

Akwai wata tambaya da ke cikin wannan labari wadda ba a yi a gaban jama'a. Wani ba a gona ya gamu da gubar ba, sha ya yi da gangan, dangi kuma za su rufe saboda kunya. Ina koya wa ɗalibai su ja uba ko miji gefe, su sassauta murya: "Baba, ba don a tona asiri ba ne, don mu san yawan maganin da za mu ba shi ne. Akwai abin da ke damunsa kwanan nan?" Wanda aka ceto daga guba aka sallame shi ba a taɓa damuwarsa ba, rabin aiki aka yi masa.

Wasu na ɗauka wannan salon koyarwa sabon abu ne da ya zo daga Turai. Ibn al-Nadim ya ruwaito a littafinsa al-Fihrist cewa Abubakar al-Razi, babban likitan da ya shugabanci asibiti a Rayy da Bagadaza, wanda ya rasu wajen shekarar 925, yakan zauna ɗalibai sun kewaye shi sahu-sahu. Marar lafiya zai fara faɗa wa sahun farko damuwarsa. In sun gane, shi ke nan. In sun kasa ya matsa sahu na gaba, sai abu ya gagari kowa sannan malam ya yi magana. Al-Razi ya rubuta labaran marasa lafiyarsa, har da waɗanda suka rikita shi, suna nan cikin al-Hawi. Ƙarnuka bayan haka likita William Osler ya fitar da ɗalibai daga aji ya kai su bakin gado a asibitin Johns Hopkins na Amurka, wanda aka buɗe a 1889. A 1969 Jami'ar McMaster ta Kanada ta gina karatun likitancinta a kan matsalar marar lafiya tun daga shekarar farko. Zaman safe da ake yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, inda ƙaramin likita ke tashi ya ba da bayanin waɗanda ya karɓa cikin dare manya na yi masa tambayoyi, jikan wannan al'ada ne. Abin da nake ƙarawa a kai ɗaya ne: labarin ya zama na ƙasar da ɗalibin zai yi aiki.

Dubi saran maciji. Yarinya 'yar shekara goma, lokacin yankan shinkafa, ta sa hannu ƙarƙashin dami da yamma, wani abu ya sare ta. An ɗaure damtsen da igiya tam, an yi tsaga, an shafa magani. Da safe aka kawo ta, hannu ya kumbura, amma tana tafiya da ƙafarta, tana magana. Ɗalibai da yawa cewa suke a ba ta maganin ciwo da na kashe ƙwayoyin cuta ta koma gida, ai ta kwana lafiya. Sai in ce su buɗe bakinta. Dasashi na tsattsafar jini. Wurin tsagar jiya har yanzu bai tsaya ba.

Daga nan sai gwajin da nake alfahari da shi, domin a ƙasarmu aka inganta shi. A shekarun 1970 David Warrell, likita ɗan Ingila da ke aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi da abokan aikinsa suka yi nazarin saran kububuwa a Arewa, suka bayyana gwajin a rahotonsu na 1977. A ɗebi jini kamar mililita biyu, a zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a ajiye ba a taɓa ba har minti 20, sannan a karkata. In ya daskare, madalla, amma a sake gwadawa bayan 'yan sa'o'i. In ya kwarara, dafi ya cinye abin da ke daskarar da jini, kuma yarinyar da ke murmushi yanzu tana iya zubar da jini a cikin kai ko ciki gobe. Ba banza Bahaushe ya kira wannan maciji gobe-da-nisa ba. Cikin waɗanda ya sara ba su sami magani ba, ana rasa kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Gwajin ba ya buƙatar lantarki ko na'ura, yau ana amfani da shi har Asiya. Sai dai yana da sharuɗɗa, kuma a cikin labari ne suke zama a kai: in kwalbar roba ce, ko gilashin da aka wanke da omo, jinin mai lafiya ma yana iya ƙin daskarewa, a ɓarnatar da magani mai tsada a kan wanda bai buƙata.

Tambayar da ta fi kama su ita ce, "Nawa za a ba ta, tunda yarinya ce?" Sun saba lissafa magani da nauyin yaro, sai su ce rabi. Maciji bai rage dafinsa don ita ƙarama ce ba. Abin da za a ba babba shi za a ba ta, da allurar adirenalin a kusa ko jiki zai ƙi maganin, a sake gwajin kwalba bayan awa shida. Ba a yi mata allura a tsoka, ba a ba ta asfirin ko diclofenac, duk suna ƙara zubar jini. In kuma gamsheƙa ce ta tofa wa mutum a ido, ruwa mai yawa ne maganin farko, tun a gona. Maganin dafin da aka yi don macizanmu, EchiTAb, a asibitin Kaltungo na Jihar Gombe aka gwada shi, kuma Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka daɗe suna wannan fafutuka. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Ina gaya wa ɗalibai wannan tarihi don su san ilimin ba daga nesa kawai yake zuwa ba, a gadajen asibitocinmu aka samo wani.

Labarin da ya fi kowanne yawan zuwa shi ne yaro mai zazzaɓi da jijjiga. An sa masa cokali a baki, an yi masa hayaƙi, an kawo shi bai farfaɗo ba. Aka yi gwajin maleriya na ɗan yatsa, layi biyu suka fito. Kowa sai ya saki jiki, an gano. Allurar atesunet daidai ce, kuma kada a jinkirta ta: babban binciken da aka buga a 2010, kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da Ilorin, ya nuna tana rage mutuwa fiye da kwinin, kashi 8.5 maimakon 10.9 cikin 100. Amma a yankin da sauro ke nan rani da damina, yara da yawa na yawo da ƙwayar maleriya a jini suna wasansu. Layi biyu ba su ce babu wani abu kuma ba. An auna sukarinsa? Yaron da ya kwana bai ci ba, ga zazzaɓi, sukari na iya faɗuwa, kuma wannan kaɗai na sa suma da jijjiga. Ruwan sukari ta jijiya kan tashe shi cikin mintina. An taɓa wuyansa? In watan Maris ne ko Afrilu, ga zafi ga ƙura, wanda ya ga 1996, shekarar da sanƙarau ya kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya ya kashe sama da 11,000, ba zai manta da wuya ba. Ɗalibaina ba su ga wannan shekara ba, da yawansu ba a haife su ba. Labari ne zai ba su abin da ido ya ba mu.

Wannan tarko na tsayawa a amsar farko shi ne babban abin da nake yaƙa. Matar aure ta zo da ciwon mara da jiri, ta riga ta sha maganin taifot daga kemis, kowa na maimaita "taifot" har kalmar ta zauna a kati. Fatar idonta ta yi fari, zuciya na gudu, ciki na ciwo in an taɓa, kafaɗa ma na ciwo. Babu wanda ya tambaye ta yaushe rabonta da al'ada, domin mijinta da surukarta na tsaye. Ciki ne ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, jini na taruwa a cikinta, tiyata take buƙata yanzu. Ina sa ɗalibi namiji ya furta tambayar da bakinsa a gaban 'yan'uwansa, da ladabin da ya dace, bayan ya nemi a ba su wuri ko ya kira ma'aikaciya mace: "Baiwar Allah, ki yi haƙuri, wannan watan kin ga al'adarki?" Kunya ado ce a wurinmu, ba na so su yar da ita. So nake su iya tambaya da kunyarsu.

Salon yana da nasa haɗarin. Na ga inda ake mayar da shi dandalin wulakanci, babba ya tsayar da ƙarami ya yi ta yi masa tambaya har ya muzanta. Wanda aka yi wa haka abu ɗaya yake koya: ya ɓoye abin da bai sani ba. A ɗakin emajansi kuwa ma'aikacin da ke jin nauyin cewa "ban gane ba, a kira wani" ya fi jahili haɗari. Don haka a zamanmu ƙarami ne ke fara magana, kamar sahun al-Razi, kuma amsar da ba daidai ba sai mun bi ta mun ga inda za ta kai marar lafiya kafin mu ajiye ta. Haɗari na biyu shi ne malami ya riƙa zaɓo labarai masu ban mamaki, ciwon da ake gani sau ɗaya a shekara goma, don a yaba masa. Ɗalibin da za a tura ƙaramin asibiti a ƙauyen Bunkure, shi kaɗai da dare, abin da zai gani kowane mako yake buƙata, da sanin lokacin da zai ce wannan ya fi ƙarfina, ya sa ruwa, ya rubuta takarda, ya nemi mota zuwa Kura ko Kano tun da sauran lokaci. Na uku amana ce. A gari irin namu, in ka ce "matar mai shago kaza" ka riga ka faɗi suna. Ina sauya shekaru da unguwa da sana'a, in bar abin da ya shafi ciwon kaɗai, kuma ba na yarda a ɗauki hoton marar lafiya a waya ba da izninsa ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawancin labaranmu ba su da ƙarshe. Mun tura mutum Asibitin Murtala ko na Aminu Kano, motar ta tafi, shi ke nan. Daidai muka yi zato ko kuwa? Me aka tarar da aka buɗe cikin? In ba wani ɗan'uwansa ya dawo ya faɗa ba, ba za mu sani ba, kuma darasin da ba a san ƙarshensa ba rabin darasi ne. Na sa ɗalibai su riƙa rubuta lambar wayar mai rakiya, da izninsa, su kira bayan kwana biyu, su rubuta abin da ya faru a wani littafi da muke ajiyewa ba sunan kowa a ciki. A cikinsa akwai yaron da aka tsamo daga kanal, da hannun da injin casar shinkafa ya kama, da mai naƙuda da ta fara jijjiga a hanya, da lebura da zafin rana ya kayar a gonar albasa. Da manyan asibitocin Kano za su riƙa maido da 'yar takarda mai layi uku game da duk wanda aka turo musu, abin da suka samu, abin da suka yi, yadda aka ƙare, da makarantun kiwon lafiya na jihar sun sami abin koyarwa da ya fi kowane littafin da muke saye daga waje dacewa da mu. Kuma ya kamata a rubuta wani sashe nasa da Hausa, tunda da Hausa marar lafiya ke faɗin ciwonsa, da ita kuma ma'aikacin zai yi masa tambaya.